Yadda Za Ka Bi Babbar Gasar Ƙwallon Ƙafa a Wayarka Kana Zaune a Legas

Mafi yawan Hausawan da ke neman abinci a Legas ba su da sukunin zama gaban talabijin su kalli gasar cin kofin duniya ko ta nahiyar Afirka daga farkonta har ƙarshe. Mai albasa a kasuwar Mile 12 yana kan buhunansa tun kafin gari ya waye, mahauci a Oko-Oba ba ya ajiye wuƙa sai rana ta take, mai gadi a Ikoyi ko Lekki kuwa ba shi da ikon barin bakin ƙofa don ana buga wasa a wata ƙasa. Abin da ya rage wa irin waɗannan mutane shi ne wayar da ke aljihu, kuma tana iya wadatar da su sosai, matuƙar an tsara ta tun kafin a take wasan farko. Wanda ya bari sai gasa ta kankama sannan ya shiga lalube, abin da manhajoji suka ga dama shi za su riƙa tura masa, kuma yawancinsa hayaniya ce da ke cinye data ba tare da ta gaya masa wanda ya ci ba.

Abu na farko da za ka daidaita shi ne lokaci, domin a nan ne mutane da yawa suke fara yin kuskure. Agogon Najeriya yana gaban agogon GMT da awa ɗaya, kuma ba ya canzawa rani da damina, alhali jadawalin da ke yawo a shafukan sada zumunta sau da yawa yana ɗauke ne da agogon ƙasar da ake gasar, ko na ƙasar wanda ya tsara hoton. A gasar Qatar ta 2022 abin ya zo wa mutanen Najeriya da sauƙi, saboda Doha tana gabanmu da awa biyu kacal, shi ya sa wasannin farko na rukuni suka riƙa faɗowa ƙarfe 11 na safe da 2 na rana da 5 na yamma da 8 na dare. Gasar 2026 ta Amurka da Kanada da Meziko, mai ƙasashe 48 da wasanni 104 tsakanin 11 ga Yuni da 19 ga Yuli, lissafinta daban ne: a waɗannan watanni Legas tana gaban New York da awa biyar, tana gaban birnin Meziko da awa bakwai, tana gaban Los Angeles da awa takwas. Ke nan wasan da aka sa ƙarfe 7 na yammacin Talata a Los Angeles, ƙarfe 3 na dare ne a nan, wayewar garin Laraba, wato har ranar ta sauya. Gasar Afirka ta 2027 a Kenya da Tanzaniya da Yuganda kuwa agogonsu yana gabanmu da awa biyu.

Mafita ita ce kada ka dogara da hoton jadawalin da aka turo maka. Ka sauke ɗaya daga cikin manhajojin sakamakon wasa, irin su FotMob ko Sofascore ko LiveScore, domin suna mayar da lokacin kowane wasa zuwa agogon da ke wayarka da kansu. Daga nan sai ka zauna da jadawalin ka fitar da wasannin da lallai kake son bi kai tsaye, ka duba wanda zai ci karo da Magariba ko Isha'i, da wanda zai hana ka barci alhali kana da sammako zuwa kasuwa. Babu mai sana'ar da zai iya bin wasa 104, kuma babu dalilin gwadawa.

Wa za ka bi

Ɗan kasuwa ba ya karɓar farashin kaya daga bakin duk wanda ya tare shi a tasha, yana da dillalinsa da ya sani kuma ya jarraba. Haka ya kamata ka yi da labarin gasa. Ka fara da shafukan masu gasar kansu, wato FIFA idan kofin duniya ne, hukumar CAF idan na Afirka ne, sannan shafin Super Eagles da na hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF. Daga waɗannan ne ake samun jerin 'yan wasan da za a fara da su, wanda yakan fito kimanin awa guda kafin wasa, da sanarwar rauni ko dakatarwa ko sauya lokaci. Bayan su sai kafofin da ke kawo rahoto da Hausa kuma suke da editocin da za a iya tuhuma idan sun yi kuskure: BBC Hausa, da RFI Hausa da ofishinta ke nan Legas, da DW Hausa, da TRT Afrika Hausa, da jaridar Aminiya. Idan ka ƙara da 'yan jaridar wasanni biyu ko uku da suka tafi ƙasar da ake gasar, waɗanda ke halartar atisaye da taron manema labarai da ƙafarsu, ka gama. Shafuka goma zuwa goma sha biyar sun ishe ka.

Sai dai bin shafi kawai ba ya tabbatar da cewa za ka riƙa ganin abin da ya wallafa, domin Facebook da X da TikTok suna fifita abin da ya fi tayar da ƙura a kan abin da ka zaɓa. A X akwai damar haɗa jerin shafuka na musamman. Ka buɗe ɗaya, ka sa masa sunan gasar, ka zuba waɗannan shafuka a ciki, ka maƙala shi a saman fuskar manhajar, ta yadda idan ka shiga ba za ka ga kowa ba sai su. A Facebook kuma ka sanya su cikin waɗanda ka fi so. WhatsApp ya fito da tsarin tashoshi a 2023, kuma yana da amfani ƙwarai ga wanda ba ya son hayaniya, saboda saƙo daga masu tashar kawai yake zuwa, kuma sauran mabiya ba sa ganin lambarka.

Akwai abin lura game da shuɗiyar alamar da ke gaban suna a X. A da tana nuna cewa kamfanin ya tantance mai shafin, amma tun bayan da Elon Musk ya sayi kamfanin a 2022 ta zama abin da duk mai kuɗin biya zai iya samu. Saboda haka ka riƙa duba rubutun sunan shafin harafi bayan harafi, da shekarar da aka buɗe shi, domin masu kwaikwayon shafukan 'yan wasa da na hukumomi sukan sauya harafi ɗaya ne kawai.

Idan Najeriya ba ta cikin gasar, kamar yadda ta faru a 2022 da Ghana ta hana ta gurbi a Abuja, da kuma 2026 da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta fitar da ita a bugun fenareti a Rabat, yana da kyau ka zaɓi ƙasa ɗaya ko biyu ka bi su sau da ƙafa. Wanda ya bi Maroko tun daga rukuni a 2022 har ta fitar da Sifaniya da Portugal, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ya ji daɗin gasar fiye da wanda ya yi ta tsalle daga wannan bidiyo zuwa wancan.

Data da caji

A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100, don haka tattalin data ya zama dole ga mai son kaiwa ƙarshen gasar da za ta ɗauki wata guda ko fiye. Rubutu ba ya cin data, bidiyo ne yake ci, musamman wanda ke kunna kansa kana wucewa. Ka shiga saitin Facebook da X da Instagram ka kashe kunnuwar bidiyo da kansa, ka kunna tsarin tattalin data. A WhatsApp ka hana hotuna da bidiyo sauka da kansu, domin a daren babban wasa mutum goma suna iya turo bidiyon ƙwallo ɗaya cikin zaure ɗaya, wayarka ta sauke shi sau goma. Idan za ka kalli taƙaitaccen bidiyon wasa a YouTube, ka rage ingancin hoton zuwa 360, wanda ya isa a ƙaramar fuskar waya, kuma ka bar shi sai ka samu intanet na wurin aiki ko garaɓasar dare da kamfanonin waya ke sayarwa da rahusa.

Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, don haka ka yi cajin waya da fawa banki tun da rana, ka rage hasken fuskar waya. Kada kuma ka raina rediyon da ke cikin wayoyi da yawa, wanda ba ya buƙatar data sai wayar sauraro ta kunne kawai. Legas tana da tashar da ta keɓanta da wasanni, Brila FM a mita 88.9, kuma a lokacin da sabis ya yi rauni rediyo ba ya tsayawa. Ga wanda wasa ya riska a hanya, cikin danfo a cunkoson Oshodi ko kan gadar Third Mainland, wannan ya fi aminci ta wata fuskar ma: wayar tana cikin aljihu, ba a hannu kusa da taga ba, inda masu fizge suke jiran wanda hankalinsa ya tafi kan ƙwallo.

Yayin da ake wasa

Labarin ƙwallo ba ya isa ga kowa a lokaci ɗaya. Rediyo da manhajar sakamako sukan riga talabijin na tauraron ɗan'adam, shi kuma yakan riga wanda ke kallo ta intanet, wani lokaci da rabin minti ko fiye. Idan kana kallon wasa kai tsaye, ka kashe sanarwar ƙwallo ta wannan wasan, in ba haka ba waya za ta yi ƙara a aljihunka tun ɗan wasa bai ɗauko bugun kwana ba. Idan kuma wasan tsakar dare ne kake son kallon maimaicinsa da safe ba tare da sanin sakamako ba, sai ka rufe bakin zaurukanka na awa takwas, ka sanya sunayen ƙasashen biyu cikin kalmomin da X zai ɓoye maka, ka kuma guji duba sitatus na abokai.

Darasi mafi girma da na'urar VAR, wadda alƙalin wasa ke sake duba bidiyo da ita kafin ya tabbatar da hukunci, ta koya wa masu bin wasa ta waya shi ne haƙuri na minti biyu. A ranar 7 ga Fabrairun 2024, a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Afirka tsakanin Najeriya da Afirka ta Kudu a birnin Bouaké na Côte d'Ivoire, Victor Osimhen ya zura ƙwallo ana dab da tashi, Najeriya na gaba da ci ɗaya, shafuka suka cika da biyu da nema. Alƙalin wasa ya je ya duba na'ura, ya soke ƙwallon, ya dawo da wasa baya ya ba Afirka ta Kudu fenareti saboda ƙetar da aka yi tun kafin a kai harin, Teboho Mokoena ya farke, murna ta koma ciki. Sai a bugun fenareti Najeriya ta yi nasara da 4 da 2, bayan mai tsaron ragarta Stanley Nwabali ya tare biyu. Wanda yake bin wannan wasan ta rubutu kaɗai, in bai jira ba, sai da ya sanar da mutanen da ke kusa da shi sakamakon da bai taɓa tabbata ba. Don haka idan ka ga an rubuta an ci, ka jira ka ga an koma tsakiyar fili an take, sannan ka tura wa wani.

Haka lissafin fita daga rukuni yake buƙatar natsuwa. Gasar Afirka tana da ƙasashe 24 tun 2019, kuma huɗu daga cikin waɗanda suka zo na uku suna wucewa. A kofin duniya na 2026 rukunoni 12 ne, takwas daga cikin na uku suna shiga zagayen 'yan 32. Wannan yana nufin ƙasa tana iya gama wasanninta ta zauna kwana biyu ba ta san makomarta ba. A waccan gasar ta 2024 Equatorial Guinea ta lallasa mai masaukin baƙi Côte d'Ivoire da ci 4 da nema, aka sallami kocinta Jean-Louis Gasset, masu sharhi a shafukan sada zumunta suka gama yi mata jana'iza. Nasarar da Maroko ta yi a kan Zambiya ce ta sa Côte d'Ivoire ta tsallake rijiya da baya da maki uku, Emerse Faé ya karɓi ragama, kuma ita ce ta doke Najeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe a Abidjan ranar 11 ga Fabrairu. A ranakun wasannin ƙarshe na rukuni, da ake buga biyu a lokaci guda, teburin da ke sauyawa kai tsaye a manhajar sakamako ya fi duk wani mai sharhi amfani, kuma a nan ne kaɗai mai waya ya fi mai talabijin gani.

Ƙarya da damfara

Kowace babbar gasa tana zuwa da nata labaran ƙanzon kurege: an kori koci, 'yan wasa sun ba hammata iska a otal, wani tauraro ya musulunta, FIFA ta ba da umarnin a sake wasa. Yawanci tsohon bidiyo ne aka sa masa sabon rubutu, ko hoton ɗan wasa aka liƙa masa maganar da bai faɗa ba, yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira ta sa ana iya haɗa murya da fuska. Gwajin ba shi da wuya. Labari mai girman korar koci ba zai kwana a zauren WhatsApp kaɗai ba. In gaskiya ne, cikin 'yan mintuna za ka gan shi a shafin hukumar ƙasar da kuma kafofin da ka zaɓa. Idan WhatsApp ya nuna cewa an yi ta tura saƙon sau da yawa, ka ƙara yin taka-tsantsan da shi. Hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito, cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, bai ware labarin ƙwallo ba.

Wanda ya fi wannan cutarwa shi ne saƙon da ke cewa wani kamfanin waya ko FIFA na raba data kyauta albarkacin gasa, ko a latsa nan a kalli wasa kai tsaye ba ko sisi. Irin waɗannan shafuka suna neman lambar wayarka, ko su sa ka sauke manhajar da ba ta cikin Play Store, ko su nemi lambobi shida da WhatsApp ya turo maka. Duk wanda ya miƙa waɗannan lambobi ya miƙa shafinsa, kuma kan ka ce kwabo za a fara roƙon kuɗi da sunansa a wurin 'yan'uwansa na Kano da Sakkwato. Ka kunna tsaro mai mataki biyu a WhatsApp tun yau, kuma kada ka taɓa rubuta lambar BVN ko NIN ko lambar sirrin katin banki don kallon wasa.

Tallan caca ma yana ninkuwa a lokacin gasa, da masu cewa suna da tabbataccen sakamako na sayarwa a Telegram. Wanda ya san sakamakon wasa tabbas ba zai sayar da shi a kan 'yan dubbai ba. Hukuncin caca a Musulunci a bayyane yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma abin takaici ne ƙwarai a ga matashin da ya baro gida don ya tara abin aure ko jari yana zuba cinikin yini a kan wasan da ba shi da iko da shi. Ka toshe irin waɗannan shafuka da zarar sun bayyana, domin idan ka tsaya kallon ɗaya, manhajar za ta ɗauka kana so ta ƙaro maka.

Zaure da harshe

Rabin daɗin gasa hira ce, kuma zauren WhatsApp na abokai ko na 'yan layi ɗaya a kasuwa shi ne wurinta. Ya fi kyau a buɗe zaure na musamman don gasar, maimakon a cika zauren masallaci ko na ƙungiyar 'yan kasuwa da bidiyon ƙwallo har sanarwar rasuwa ko ta taro ta ɓace a ciki. Shugaban zauren ya faɗi ƙa'ida tun ranar farko: ba zagi, ba tallan caca, ba turo labari sai da inda aka samo shi, kuma a tausaya wa masu barci idan wasan dare ne. Idan rai ya ɓaci bayan an sha kashi, yana iya rufe zauren na ɗan lokaci ta yadda shi kaɗai zai iya rubutu, har zukata su huce.

A fili kuwa, wato Facebook da X da TikTok, abin ya fi nauyi. Zolaya tsakanin Najeriya da Ghana ko Kamaru ko Afirka ta Kudu tsohuwar al'ada ce kuma tana da armashi, amma tazarar da ke tsakaninta da cin mutunci ƙanƙanuwa ce. Bayan wasan ƙarshe na 2024 an yi wa ɗan wasan Najeriya Alex Iwobi ruwan zagi har ya cire hotunansa daga Instagram, sai da kyaftin Ahmed Musa ya fito ya roƙi magoya baya su daina. Ɗan wasan da ya zubar da fenareti yana da uwa da ke karanta abin da ake rubutawa. Mu da ke zaune a Legas muna da ƙarin dalilin kiyaye harshe, domin muhawara a kan wanda koci ya gayyata da wanda ya bari ba ta daɗewa take rikiɗewa ta koma ta ƙabila da addini, kuma mutumin da ka zagi ƙabilarsa da daddare yana iya zama Bayaraben da kake haya a gidansa a Agege, ko Inyamurin da ke sayen kaya a wurinka. Abin da ka rubuta da sunanka da hotonka yana nan ko ka goge, tunda ɗaukar hoton fuskar waya ba ya cin daƙiƙa biyu. Ka soki dabarar koci da sauyin da ya yi a makare iya son ranka, wannan haƙƙin ɗan kallo ne, ka tsaya a nan.

Duk da haka, akwai wasannin da bai kamata a bar wa waya ba. Wasan kusa da na ƙarshe da na ƙarshe, ko duk ranar da Super Eagles ke zagayen sili ɗaya ƙwale, ka yi ƙoƙari ka nemi wanda zai riƙe maka shago ko ka yi musayar aiki da abokin gadi, ka je gidan kallo na unguwa a Idi-Araba ko Obalende ko Agege, inda ake rubuta wasannin ranar da alli a jikin allo a bakin ƙofa, janareto na ruri a baya, benci ya cika tun kafin a rera taken ƙasa. Ka tambayi kuɗin shiga tun da wuri domin yakan tashi a manyan wasanni, ka zauna inda kake ganin ƙofar fita, ka sa waya a aljihun gaba.

Idan an miƙa kofi, ka koma saitin wayarka ka kashe sanarwar manhajar sakamako, ka bar tashoshin da ka shiga don gasar kaɗai, a rufe zauren ko a sauya masa aiki, ka share bidiyoyin da suka cika ma'ajiyar waya. Ka kuma duba ko babban tsarin datar da ka saya saboda gasar yana sabunta kansa, ka dakatar da shi kafin ya ciri kuɗin wata mai zuwa daga katinka.